Kwanson Igwa, Harsashin Horo ko Fankon Gurneti: Da Wanne Mai Tara Tsofaffin Kayan Yaƙi Zai Fara?

A kasuwannin tsofaffin kaya na Ingila, Faransa, Beljiyam da Amurka akwai rumfunan da ba sa rasa masu taya, wato na ragowar makaman yaƙe-yaƙen da suka shuɗe: kwanson harsashin igwa, gurnetin da aka ce an kwashe cikinsa, kan harsashi, fiyus (na'urar da ke tayar da harsashi), da dunƙulen ƙarfen igwar zamanin da. Dillalai kan haɗa su duka a ƙarƙashin kalma ɗaya, su ce matattu ne, ba abin da ya rage a cikinsu da zai iya tashi. Amma matacce suna ya tara. Akwai wanda tun a masana'anta ba a zuba masa albarushi ba, akwai wanda aka harba abin cikinsa ya ƙone ƙurmus, akwai wanda wani mutum da ba a san ko wane ne ba ya kwashe, sannan akwai wanda ya daɗe ne kawai a cikin ƙasa har aka ɗauka shekaru sun kashe shi. Wanda ke son shiga wannan harka zai tarar ana yi masa maganar farashi, da ƙarancin samuwa, da kyan gani, alhali ma'aunin da ya kamata ya fara ɗorawa a kan kowane nau'i shi ne ko idonsa zai iya bin cikin abin har ƙarshe ba tare da ya kwance komai ba. Gani ya kori ji, kuma nau'o'in nan sun sha bamban ƙwarai wajen yadda suke bari a gan su.

Kwanson tagulla shi ne mafi sauƙin sha'ani, kuma a ra'ayina da shi ya dace a fara. Tun da Faransa ta fito da igwarta mai bakin milimita 75 a 1897, manyan rundunonin Turai suka karkata ga igwa mai saurin harbi, wadda albarushin da ke tura harsashinta yake zaune a cikin kwanson tagulla, kamar na bindigar hannu amma babba. Da zarar an harba, harsashi ya tafi, albarushi ya ƙone, sai a buɗe bayan igwa kwanso ya faɗo fanko. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, an harba irin waɗannan ba adadi, shi ya sa har yau suke da yawa, suke kuma da araha idan aka gwada da sauran kayan wannan fage. Guda uku ne mai saye zai fi yawan cin karo da su. Na igwar Ingila mai laba 18, wato nauyin harsashinta ke nan, bakinsa kusan milimita 84 ne, tsawonsa milimita 295. Na Faransa mai 75 ya fi shi tsawo da siranta, domin yana kai milimita 350. Na Jamus mai milimita 77 shi ne gajerensu, tsawonsa milimita 230. Da awon tela kaɗai mutum zai bambance su, kuma awon ne zai nuna masa idan an yanke bakin kwanso an gajarta shi, abin da ke rage masa daraja sosai a wurin masana.

Daɗin kwanso yana gindinsa, inda aka buga masa tambari. A nan ne yake faɗin asalinsa da kansa, ba sai an dogara da bakin dillali ba. Kwanson Ingila yana ɗauke da alamar kibiya mai faɗin kai, wadda ke nuna kayan gwamnati ne, da shekarar ƙira, da haruffan masana'anta, da lambar rukunin da ya fito a ciki. Haruffan CF suna nufin an ɗura shi da cikakken awo na albarushin kodayit, kuma da yake ana tattara kwansuna daga fagen daga a mayar da su a sake ɗurawa, sau da yawa za a ga an ƙara buga harafin F a gefe, kowane ɗaya yana nuna wani sabon ɗuri. Idan kibiyar tana cikin harafin C, to daga Kanada ya fito. Na Jamus yakan zo da wata da shekara a rubuce, da sunan masana'anta ɓaro-ɓaro, kamar Polte ta Magdeburg ko Patronenfabrik ta Karlsruhe, wanda hakan ya sa ya fi kowanne sauƙin karantawa ga sabon shiga. Na Faransa kuwa rubutunsa ƙanana ne a dunƙule: 75 DE C na nufin igwar fili mai 75, ARS na nufin ma'aikatar Rennes, APX ta Puteaux, ATS ta Tarbes, sai lambar rukuni da shekara. Mutum na iya shafe shekaru yana tara kwanson igwa iri ɗaya tak, yana bin masana'antu da shekaru, bai ga ƙarshen bambance-bambancen ba.

Wuri ɗaya ne a jikin kwanso yake buƙatar taka-tsantsan, shi ne makunnin da ke tsakiyar gindi, wanda allurar igwa ke duka. Wanda aka harba yana da lotsawa a tsakiya. Idan makunni yana nan sumul ba alamar duka, to a ɗauka yana da rai, domin na igwa ba ƙaramin abu ba ne irin na harsashin bindiga, yana da ɗan rumbun baƙin albarushi da ya shiga cikin kwanson. Ko lotsawar ma ba ta wadatar ita kaɗai, tunda akwai wanda aka daka ya ƙi tashi, don haka sai a haska tocila ta baki a duba ƙasa. Mafi kwanciyar hankali shi ne kwanson da aka cire makunninsa gaba ɗaya, wanda idan aka ɗaga shi sama ana hango haske ta ɗaya gefen. A wannan fage babu wani abu da ke ba da irin wannan tabbaci da sauƙi haka.

Game da kula da shi, kuskuren da aka fi yi shi ne yawan gogewa. Tagulla tana jan hankali idan tana ƙyalli, amma kowace gogewa tana cin tambarin gindi, tana kuma share rubutun tawada da masu ɗuri suka bari, wanda sau da yawa ya fi tambarin ƙarancin samuwa. Man gogewa mai ɗauke da amoniya ya fi muni, domin yana sa tagullar da aka matsa wajen ƙira ta tsage. Sojojin Ingila sun fara lura da wannan cuta ne a Indiya, inda kwansunan harsasan da aka ajiye a bargar dawakai lokacin damina suka riƙa tsagewa saboda turirin fitsarin dabbobi. Sannan ba kowane kwanso ne tagulla ba. Ƙarancin jan ƙarfe ya tilasta wa Jamus yin amfani da baƙin ƙarfe, musamman a Yaƙin Duniya na Biyu, wani lokaci a shafe shi ya yi kama da tagulla, kuma maganaɗisu ne zai raba gardama. Irin wannan yana tsatsa, don haka ajiyarsa ta fi wahala a wuri mai laima.

A cikin kwanson kansa akwai zaɓi na biyu, tsakanin wanda aka bari yadda yake da wanda aka yi wa ado. Turawa suna kiran na biyun adon ramukan yaƙi, wato kwansunan da aka bubbuga aka fitar da furanni da ganyaye, aka rubuta sunayen fagagen daga irin su Verdun, Ypres, Arras ko Somme, aka mayar da su tulun furanni. Sunan yana yaudara, domin kaso mai yawa ba a cikin rami aka yi shi ba. Wasu aikin sojojin bayan fage ne masu kayan ƙira, wasu na fursunonin yaƙi ne da 'yan ƙwadagon Sin da aka kawo Faransa, da yawa kuma fararen hular Faransa da Beljiyam ne suka yi su bayan an daina yaƙi, don sayar wa iyalan mamata da ke zuwa ziyarar kaburbura a shekarun 1920 da 1930. Wannan bai rage musu ƙima ba, tarihi ne shi ma, amma bai kamata a biya ƙarin kuɗi saboda labarin wani soja da aka ce ya sassaƙa shi a ƙarƙashin ruwan wuta ba. Mai son tarihin makami zai fi gamsuwa da kwanson da ba a taɓa ba. Mai son abin da zai ajiye a falo ba tare da ya tayar wa baƙo hankali ba, wanda aka yi wa ado ya fi masa, kuma shi ne nau'in da ya fi nisa da kama da makami a idon hukuma.

Raunin kwanso shi ne ba ya faɗin inda aka harba shi. Tambari yana ba da shekarar ƙira da masana'anta, amma ba ya cewa Somme ko Galipoli. Wannan ya shafi mai karatu da ke sha'awar tarihin sojojin Afirka ta Yamma: dakarun Najeriya sun yi amfani da ƙaramar igwar dutse mai inci 2.95 a yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, inda aka gwabza a Garwa da Mora, kuma rundunoni na 81 da 82 sun yi yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana iya samun kwanso irin na igwogin da suka riƙe, amma cewa wannan kwanso takamaimai daga Mora ya fito magana ce da sai takarda ko wasiƙar iyali za ta tsaya mata.

Nau'i na biyu shi ne kayan horo, kuma a nan akwai tarko a cikin suna. Sojoji suna da abubuwa biyu mabambanta da dillalai ke yawan cakuɗawa. Na farko kayan koyon ɗuri ne, waɗanda aka ƙera don sabon soja ya koyi ɗauka da sawa da cirewa, kuma tun asali babu albarushi ko kaɗan a cikinsu. Misalin da aka fi sani shi ne harsashin koyo na bindigar Ingila mai inci .303, mai farin kwanso da tsagi uku a jiki da aka shafa wa jan fenti, wurin makunninsa kuma rami ne fanko. Na manyan igwogi wani lokaci da katako aka yi jikinsu, aka buga musu kalmar DRILL ko DUMMY. Na biyu kayan gwajin harbi ne, waɗanda ake harbawa ko jifa da gaske a filin atisaye. Waɗannan ba su da babbar nakiya, amma suna iya ɗauke da albarushin turi, da fiyus mai rai, da ɗan ƙunshin da ke fitar da hayaƙi ko ƙara don a ga inda suka sauka. A tsarin Amurka da ƙawayenta shuɗin fenti alamar kayan gwaji ce, kuma mutane da yawa suna fassara shuɗi da cewa babu haɗari, alhali abin da yake nufi kawai shi ne ba na fagen daga ba ne. Ƙaramin bam ɗin gwaji da bai tashi ba yana iya ƙona fuska ko ya cire yatsu.

Fenti ma gaba ɗaya shaida ce mai rauni. Kowace ƙasa da tsarinta, kuma tsarin yana canzawa: gurnetin Amurka mai nakiya da ruwan ɗorawa ake shafe shi gaba ɗaya a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya aka koma koren soja da siririn zobe ruwan ɗorawa a wuya. Ban da haka, duk abin da ya yi shekara tamanin yana yawo daga hannu zuwa hannu, akwai yiwuwar wani ya sake masa fenti yadda ya ga dama. Abin da aka buga a jikin ƙarfe ya fi abin da aka shafa a kansa amana. Idan aka samu kayan koyon ɗuri na ainihi, masu tambarinsu a ƙarfe da ramukan da aka huda musu tun a masana'anta, to sun kusa kai kwanso aminci, kuma sun fi shi nuna cikakkiyar surar harsashi daga kai har gindi. Sun fi shi tsada da wuyar samu, musamman na manyan igwogi, domin ba a yi su da yawa ba. Wanda ya fi su duka, ga mai hali, shi ne samfurin koyarwa da makarantun soja suka tsaga gefensa don ɗalibi ya ga cikinsa, aka cike gurbin nakiya da katako ko wani abu mai launi. A nan babu abin da ya ɓuya, kuma shi kaɗai ne yake koyar da yadda abin ke aiki.

Gurneti shi ne abin da ya fi jan sabon shiga, shi ne kuma inda matsaloli uku suka haɗu: haɗari, jabu da doka. Wanda ya fi shahara shi ne na William Mills na Birmingham, wanda sojojin Ingila suka karɓa a 1915 da sunan lamba 5, daga baya aka gyara shi ya zama lamba 23, sannan lamba 36, wanda aka yi wa wani samfuri mai harafin M da aka shafe don ya jure laima da zafin Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau. An ƙera miliyoyi da dama a kamfanoni masu yawa, kuma murfin gindinsa yana ɗauke da lamba da wata da shekara da alamar maƙeri, don haka yana ba da irin nishaɗin karatu da kwanso ke bayarwa. Dillali na ƙwarai yakan nuna shi a wargaje, murfin gindi a cire, mashigin nakiya a buɗe, ana ganin cikinsa. Wanda murafunsa suka ciza da tsatsa ba sa buɗuwa, ba wanda ya isa ya rantse a kan abin da ke ciki, kuma ba aikin mai saye ba ne ya gwada buɗewa da ƙarfi. A wuce shi kawai, komai arharsa.

Ta fuskar jabu kuwa, gurneti ya fi kowane nau'i. Yawancin abin da ake sayarwa a shagunan rarar kayan soja na Amurka da sunan gurneti mai kama da abarba, wato Mk 2, gangar gwaji ce ko kuma sabuwar zuba da aka yi don kasuwa, da rami a gindi da maɗaurin da ba nasa ba. Gurnetin Jamus mai mariƙin katako ya fi shan wannan, domin ana haɗa tsohon kai da sabon mariƙi, a buga masa tambari, a tsufar da katakon da gangan. Kwaikwayon da aka sayar da sunan kwaikwayo ba laifi ba ne, hasali ma shi ne zaɓi mai kyau ga malamin tarihi ko mai shirya baje koli. Ɓarnar tana wajen biyan kuɗin asali a kan haɗe-haɗe. Doka ma ta fi matsa wa gurneti. A jihar Kalifoniya an haramta mallakar gurnetin gwaji na ƙarfe da kwaikwayonsa na ƙarfe, ko da fanko ne, sai dai wanda aka gyara ta yadda ba zai sake zama makami ba, kuma hukumar tsaron filayen jiragen saman Amurka ba ta barin mataccen gurneti ko kwaikwayonsa a jakar hannu ko a jakar da ake aunawa.

Kan harsashin igwa, wato ƙarfen da ke tashi ya tafi, yana tsakanin sauƙi da haɗari, ya danganta da irinsa. Harsashin da ake kira da sunan Henry Shrapnel, sojan Ingila da ya ƙirƙiro shi, kamar ƙaramar bindiga yake a sararin sama: na igwa mai laba 18 yana ɗauke da ƙwallayen dalma kusan 375, kuma idan lokacin fiyus ya cika sai ɗan albarushin da ke gindi ya tunkuɗo su ta gaba, gangar ta faɗi fanko da baki a buɗe. Irin wannan gangar ana ganin cikinta har ƙasa, kuma abin ajiyewa ne mai kyau. Harsashi mai nakiya dabam yake, domin idan ya yi aikinsa ba ya saura, don haka duk wanda aka gani cikakke ko dai an kwashe shi ne ko kuma bai tashi ba. Ɗamarar jan ƙarfen da ke kusa da gindi tana ba da labari: idan tana da zane-zanen da bututun igwa ya yi mata, an harba shi, kuma harsashin da aka harba, bakinsa a rufe da fiyus, shi ne abu mafi haɗari a wannan fage gaba ɗaya, tunda makaran da ke hana fiyus aiki sun riga sun saki. Harsasai masu huda tankar yaƙi suna da nasu ruɗanin. Na Ingila mai laba 2 ƙarfe ne zalla, sai ɗan gurbin wutar nuna hanya a gindi, amma na Jamus da ake kira Panzergranate 39, wanda daga gaba ba a bambance shi da ƙarfe zalla, yana da ɗan ɗakin nakiya da fiyus ta gindi. Wanda bai juya ya duba ƙasa ba bai duba komai ba.

Fiyus ƙarami ne, kyakkyawa, kuma Turawa sun daɗe suna danne takardu da shi a kan tebur. Lamba 80 na Ingila, mai zoben saita lokaci da lambobi a zagaye, daga ƙirar kamfanin Krupp na Jamus aka samo shi, ta yadda aka shafe Yaƙin Duniya na Ɗaya ana harbin Jamusawa da fasahar Jamusawa. Duk da kyansa ba zan ba sabon shiga shawarar sa ba, domin cikinsa lunguna ne da ido ba ya kaiwa, kuma abin da ake sawa a waɗannan lungunan shi ne sinadarin da ya fi kowanne saurin tashi.

Dunƙulen igwar yaƙin basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, yana koyar da darasi iri ɗaya ta wata hanya. Dunƙule mai laba 12 faɗinsa kusan santimita 11 da rabi ne, kuma idan ƙarfe ne zalla nauyinsa ya kai kilo biyar da rabi. Wanda ya kai wannan girma amma bai kai nauyin ba, ko yake da toshe a jiki, rami ne a cikinsa, kuma baƙin albarushi ba ya lalacewa muddin bai jiƙe ba. A 2008, a jihar Virginia, wani gogaggen mai tara kayan wannan yaƙi ya rasa ransa a ƙofar gidansa yana aiki a kan wani babban dunƙulen igwar jirgin ruwa da ya haura shekara 140, har ɓarɓashin ƙarfen ya faɗa wani gida mai nisa. Mutum ne da ya daɗe a harkar, kuma gogewarsa ba ta hana ba. A ɗaya gefen kuma, da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan dunƙulen igwa ƙwallayen injin niƙa dutse ne na ma'adinai, waɗanda awo da sikeli ke tona wa asiri, tunda ba sa dacewa da bakin kowace igwa da aka sani.

Kayan tono, waɗanda ake cirowa daga tsoffin fagagen daga, ba su ma cancanci shiga sahun zaɓi ba, amma dole a faɗi dalili, domin su ne suka fi araha, suka kuma fi zuwa da labari mai daɗi. A mako guda kafin harin Somme na 1 ga Yuli 1916, igwogin Ingila sun harba harsasai sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma kaso mai yawa bai tashi ba. Har yau manoman arewacin Faransa da yammacin Beljiyam suna tono su da garma kowace shekara, abin da suke kira girbin ƙarfe, su jera a bakin gona har sojojin kwance bam na Beljiyam, wato DOVO, ko jami'an Faransa su zo su kwashe. A kusa da Poelkapelle, a Beljiyam, akwai cibiya ta musamman ta lalata su, kuma a kewayen Verdun akwai filayen da aka hana noma da zama tun bayan yaƙin. A watan Maris na 2014 wani tsohon harsashi ya kashe ma'aikatan gini biyu a Ypres. Shekaru ba sa kashe irin waɗannan abubuwa, sau da yawa ƙara musu saurin fushi suke yi: nakiyar fikrik, wadda Ingila ke kira lidayit, Faransa ke kira melinit, tana haɗuwa da ƙarfe ta haifar da gishirin da ɗan gogayya ke tayarwa, farin fosfarus yana kamawa da wuta da zarar ya sha iska, sannan akwai harsasan iskar guba, waɗanda bayan tsatsa ta cinye alamominsu ba a bambance su da sauran da ido. Tonon kansa ma laifi ne a wurare da yawa, domin tun 1989 dokar Faransa ta wajabta neman izinin hukuma kafin amfani da na'urar gano ƙarfe wajen neman kayan tarihi.

Ga mai karatu da ke zaune a Najeriya, Nijar, Chadi ko Kamaru, lissafin ya canza gaba ɗaya. Dokar makamai ta Najeriya ta sa bam da gurneti da igwa a jerin abubuwan da aka haramta, kuma jami'in da ke shingen bincike ko na kwastan ba shi da dalilin tsayawa ya saurari bayanin cewa abin fanko ne na 1916. Abin da ake tsinta a daji a yankin Tafkin Chadi kuwa sabon makami ne da bai tashi ba, ba kayan tarihi ba, kuma ya sha hallaka yara da 'yan gwangwan. Duk abin da aka gani mai wannan kama, ba a taɓawa, ba a matsarwa, sai a nisanta mutane a sanar da 'yan sanda ko sojoji. Wanda ke son ganin makaman tarihi a ƙasar, gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana da na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, wanda kuma yake son tarawa, lambobin yabo, bajon hula, hotuna da takardun tsoffin sojojin Bama sun fi kusa da tarihin gida, ba sa kuma jawo masa tuhuma.

Ga wanda yake zaune inda doka ta halatta, hanyar saye tana da muhimmanci kamar abin da za a saya. Sanannun dillalai da gidajen gwanjo a Ingila sukan ba da takardar shaidar cewa babu abin fashewa, wadda ake taƙaitawa da FFE. Takardar tana da amfani, amma ƙarfinta daidai yake da ƙwarewar wanda ya sa mata hannu, kuma ba ta maye gurbin dubawa da ido. Sayen kwanso ta intanet abu ne mai yiwuwa idan an nuna hoton gindi da na ciki. Sayen gurneti ko kan harsashi a rufe daga hoto ɗaya cinikin biri a sama ne. Mai ƙaramin wuri da ƙaramin kuɗi zai iya tsayawa kan kwansunan milimita 20 na igwar Oerlikon da milimita 40 na igwar Bofors, waɗanda jiragen ruwa da masu kakkaɓo jiragen sama suka harba da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma goma daga cikinsu ba za su cika kanta ɗaya ba. Mai son Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nemi ukun nan na Ingila, Faransa da Jamus ya jera su, daga baya ya ƙara fankon gangar Shrapnel da harsashin koyon ɗuri, ya bar gurneti sai ya samu wanda aka nuna masa a wargaje a hannun dillalin da masana suka yarda da shi. Kowane abu kuma a manna masa 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, da inda aka saye shi, da ranar saye, a ajiye rasit da hotunan cikinsa a wuri ɗaya da iyali suka sani, domin idan mai shi ya rasu magada sukan kira jami'an kwance bam, su kuma duk abin da suka yi shakka a kansa tarwatsa shi suke yi a fili.